Akwati a Barandar Aji Uku

Asabar, 19 ga Oktoba, 2024

Na dawo daga sallar asuba na tarar an liƙa mini fasta a ƙyauren gida. Ba wanda ya nemi izinina. Hoton yaron nan ne na layin baya, wanda na koyar a aji huɗu shekara ashirin da wani abu da suka wuce. Ya ɗora jar hula ya ɗan karkata ta, an rubuta a ƙasa cewa shi ne ɗan takarar kansilan mazaɓarmu. An wanke masa fuska a kwamfuta har tabon da ya samu a goshi ranar da ya faɗo daga katangar makaranta ya ɓace. Uwargida ta ce in ɓamɓare. Na ce a bar shi, dama ƙyauren yana neman abin da zai rufe masa tsatsa.

Saura mako guda a yi zaɓen ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484 na jihar Kano. Da farko 30 ga Nuwamba aka sa, daga baya aka jawo shi zuwa 26 ga wannan wata. Duk wannan gaggawa da ake yi a jihohi ta samo asali ne daga hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, wanda ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, kuma wadda kantoma ke riƙe da ita ba ta da kaso. Gwamnonin da suka shekara suna cewa babu kuɗin zaɓe, sai ga shi kowa ya tuna inda ya ajiye akwatunansa.

Yau ake na Kaduna. A teburin mai shayi wani direban adaidaita sahu ya ce mini, "Malam, in faɗa maka sakamakon Kaduna tun yanzu? Ka saya mini shayi haɗin kauri in na ci." Na ce ba na caca, balle wadda na san ƙarshenta.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Bayan la'asar ɗan takarar ya zo da kansa, da samari kamar goma a bayansa, biyu suna riƙe da tuta. Ya cire takalmi tun daga bakin zaure, ya durƙusa har ƙasa. Wannan kam ba zan rage masa ba, yaron yana da ladabi tun yana ƙarami.

"Malam, na zo neman albarka."

"Allah ya yi albarka. Da wa kake takara?"

Ya yi murmushi, ya dubi samarinsa, suka yi dariya. Ya ce akwai wasu jam'iyyu da suka tsayar da mutane, amma shi bai san wanda aka sa a mazaɓarmu ba. Na ce to yaya aka yi ka samu tikitin, don na ji ku kusan goma kuka nema. Ya ce maslaha aka yi. Masu ruwa da tsaki sun zauna, an tattara sunaye an kai sama, sunansa ne ya dawo. Kalmar nan ta maslaha tana ba ni mamaki. A karatun da muka yi a zaure, maslaha ita ce abin da zai amfani jama'a. A siyasar yau kuwa, ita ce a kira mutum tara a ɗaki a ba su haƙuri.

Na tambaye shi kuɗin fom. Hukumar zaɓen jiha, KANSIEC, ta fara yanka naira miliyan 10 ga mai neman ciyaman, miliyan 5 ga mai neman kansila. Da aka kai ƙara kotu ta hana, sai aka rage miliyan ɗaiɗai, ya koma 9 da 4. Na lissafa a kaina yana zaune: mai ɗaukar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, ko bai ci bai sha ba, sai ya yi sama da wata 57 kafin ya haɗa miliyan 4. Yaron nan kuwa shagon sayar da katin waya da caji gare shi. Ya sunkuyar da kai ya ce manya sun taimaka. Ban ƙara tambaya ba. Kowa ya ci ladan kuturu ya san aikin da ke gabansa.

Ya ce an yi musu gwajin ƙwaya a hukumar NDLEA, kuma shi ya tsallake lafiya. Ya faɗa da alfahari kamar wanda ya ciwo jarrabawar fita. Na ce madalla. Sannan na kama hannunsa na fito da shi ƙofar gida, na nuna masa kwatar layinmu. Tun tsakiyar damina ta cushe, ruwan ya yi kore, sauro ya kafa gari a kai. Gida uku a layin nan an kwantar da yara da zazzaɓi a watan jiya. Ya ce, "In sha Allahu, Malam, ita ce aikina na farko." Ɗaya daga cikin samarin ya zaro waya ya ɗauke mu hoto, ni da shi da kwatar.

Litinin, 21 ga Oktoba

An ɗauke wuta tun asuba. Mun zaci irin ta kullum ce, sai da yamma aka ji a rediyo cewa babban layin da ke hawowa da wuta ta Benuwai ne ya lalace, ga na Shiroro zuwa Kaduna dama ɓarayi sun riga sun kassara shi. Arewa kusan gaba ɗaya tana cikin duhu.

Direban adaidaita ya ci shayinsa, ko da yake ban yi alkawari ba. APC ta kwashe duka 23 na Kaduna. Farkon watan nan ta kwashe 27 na Jigawa. A Bauci PDP ce ta kwashe 20, a Filato ma ita ce ta kwashe 17. Ba sai an je makaranta ba: a tambayi jam'iyyar gwamna, a rubuta sakamako.

Abin dariya, darasin 'yan aji shida na yau a kan matakan gwamnati uku ne. Na tambaye su sunan shugaban ƙasa, ajin ya ɗauka baki ɗaya. Na tambayi na gwamna, har da masu ɗaga murya suna "Abba gida-gida". Na ce to wa ya san aikin kansila? Shiru. Can wata yarinya daga baya ta ɗaga hannu ta ce, "Shi ne wanda ake zuwa gidansa in za a yi suna ba a sayi rago ba." Na hana su dariya, don ita kaɗai ce ta faɗi abin da ta gani da idonta.

Na rubuta musu a allo abin da tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma: kasuwanni da tashoshin mota, maƙabartu, mayanka, kwashe shara, magudanun ruwa da ƙananan tituna, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, sa wa tituna suna da gidaje lamba, har da lasisin keke da amalanke. Sai kuma hannu a makarantun firamare da asibitocin sha-ka-tafi. Ina rubutu rana tana dukan ƙeyata ta inda iska ta yaye kwanon ajin tun bara. Wani yaro ya ce, "Malam, har da rufin nan?" Na ce har da shi. Na ci gaba da rubutu.

Talata, 22 ga Oktoba

Da azahar labari ya karaɗe gari. Babbar kotun tarayya da ke Kano, ƙarƙashin Mai Shari'a Simon Amobeda, ta sauke shugaban KANSIEC, Farfesa Sani Lawal Malumfashi, da mambobin hukumar, bisa cewa 'yan jam'iyyar NNPP ne, doka kuwa ba ta yarda ɗan jam'iyya ya riƙe hukumar zaɓe ba. APC ce da wani ɗanta suka kai ƙarar. Kwana huɗu kafin zaɓe.

Da daddare muka kewaye ƙaramar rediyon mai shayi, don batirin wayoyin kowa ya mutu. Sojojin baka suka yi ta luguden laɓɓa, wannan ya ce an kashe maganar zaɓe, wancan ya ce ko ana ha-maza-ha-mata sai an yi. Abin da na lura da shi a teburin shi ne babu wanda ransa ya ɓaci, babu kuma wanda ya yi murna. Ana saurare ne kamar yadda ake sauraron sharhin ƙwallon ƙasar da ba ka da kulob a cikinta. Da wani ya kawo zancen kuɗin mai, wanda lita ta haura naira dubu tun farkon watan nan, nan ne murya ta tashi har mai shayi ya rage rediyon.

Laraba, 23 ga Oktoba

Kwana uku babu wuta. Masu rijiyar burtsatse sun koma janareto, 'yan garuwa sun ninka kuɗin jarka, ƙanƙara ta zama abin nema da roƙo. Ɗan takararmu dai kakarsa ta yanke saƙa ta wani gefen: shagon cajinsa ya cika maƙil, har a ƙasa ake jera wayoyi.

Uwargida ta je taron mata da aka kira a gidan shugabar matan jam'iyya. Ta dawo da sabulu biyu da ƙullin omo. Ta ajiye a gabana ta ce, "Malam, ka ga abin da darajarmu ta koma. A zaɓen gwamna atamfa aka raba, da taliya, har gida ake biyo mu." Na yi dariya, amma maganar ta kwana a raina. Shekara da shekaru muna wa'azi a daina sayar da ƙuri'a. To ga shi an daina saye, ba don an shiryu ba, sai don mai saye ya gano ba ya buƙatar hajar. Ban san wanne ya fi ciwo ba.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Zafi ya hana barci, na fito tsakar gida da tabarma. Tunanin zaɓen farko da na yi ya dawo mini. Disambar 1990 ce, zamanin Babangida, jam'iyyu biyu kacal, SDP da NRC, kuma zaɓen ƙananan hukumomi ne. Ba a dangwala komai. Layi ake yi a bayan hoton wanda kake so, a ƙirga ku kamar awaki a gaban kowa. Tsarin yana da aibinsa, don mai gidan haya yana kallon layin da ɗan hayarsa ya shiga, suruki yana kallon suruki. Amma na tuna yadda zuciyata ke bugawa ana ƙirga, don babu wanda ya san layin da zai fi tsawo sai da aka gama. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, tsohon ɗan NEPU ne da ya bi Malam Aminu Kano har PRP. Ya sha ba mu labarin yadda 'yan dokar En'e suka ɗaure shi saboda halartar lacca. A wurinsa, gyaran 1976 da ya kafa ƙananan hukumomi a gurbin En'e shi ne ranar da talaka ya samu ƙofar shiga. Ranar zaɓen nan na 1990 da sanda ya fito, ya tsaya a rana, ya ƙi yarda a kawo masa kujera.

Zaɓen Disambar 1998 ma, da hukumar zaɓe ta ƙasa ta shirya, jam'iyyu raba kujeru suka yi a faɗin ƙasa. Daga lokacin da abin ya koma hannun hukumomin jihohi ne aka shiga wannan yayi na cinye-du. Mu a Kano mun ga na 2014 lokacin Kwankwaso, jam'iyya mai mulki ta kwashe 44. Mun ga na Fabrairun 2018 lokacin Ganduje, wanda hotunan yara ƙanana suna dangwale suka zagaya duniya har aka riƙa yi mana ba'a da su, 44. Mun ga na Janairun 2021, 44. Waɗanda suka yi kuka a wancan lokaci su ne da wuƙa da nama yau, waɗanda suka yi dariya kuma su ne a bakin kotu. Kalaman ma ba a sauya ba, musayar baki kawai aka yi.

Wasu na cewa a mayar wa INEC da zaɓen. Suna kafa hujja da Abuja, inda ita ke shiryawa, kuma a 2022 APC da PDP suka raba ƙananan hukumomi shida uku-uku. Hujja ce mai ƙarfi, na yarda. Sai dai can ɗin ma mutane ba su fito sosai ba. Ina ganin ko an gyara mai ƙirga, sai an gyara abin da ake ƙirgawa dominsa. Mutum ba ya shan rana don zaɓen wanda ba shi da ikon sayen buhun siminti sai ya nemi izini daga sama.

Gwamnati dai ta ce zaɓe na nan daram.

Juma'a, 25 ga Oktoba

Liman ya yi huɗuba a kan zaman lafiya, ya ja kunnen iyaye kada su bari a ɗauki 'ya'yansu jagaliya. Bai ce a fita zaɓe ba, bai ce kada a fita ba.

Kafin magariba sai ga wani hukuncin. Babbar kotun jiha ta ce hukumar ta ci gaba da zaɓenta, kada wanda ya hana ta. Rundunar 'yan sanda kuma ta ce ita umarnin kotun tarayya za ta bi, ba za ta tura jami'ai ba. APC ta ce ba da ita ba. Mu Kanawa mun saba da wannan bana: tun watan Mayu muke da hukunci biyu a kan sarauta, kowane ɓangare da takardar kotunsa a aljihu. Yanzu zaɓe ma ya samu tasa biyun.

Ƙanin uwargida ya biyo ya ci tuwo. Ma'aikaci ne a sakatariyar wata ƙaramar hukuma, shekararsa goma sha tara a sashen kuɗi. Na tambaye shi ko hukuncin Kotun Ƙoli ya sauya wani abu a wurinsu. Ya tanɗe hannu ya ce, "Yaya, mu dai a rediyo muka ji." Ya yi mini bayanin asusun haɗaka yadda ban taɓa ji ba. Kuɗi ya taso daga Abuja da sunan ƙaramar hukuma, ya sauka a asusun da jiha ke riƙe da shi. A cire albashin malaman firamare, a cire na ma'aikatan lafiya, a cire na fansho, a cire kason masarauta, a cire na ayyukan haɗin gwiwa. Abin da ya rage shi ake miƙa wa ciyaman, wani lokaci bai wuce na man mota da hidimar baƙi ba. Ya ce amma kada in yi saurin tafi, don mu malamai ne muka fi kowa ihu a shekarun baya da aka bar albashinmu a hannun ciyamomi, muka yi watanni ba a biya mu ba. Gaskiyarsa ne. Na tuna lokacin, na tuna bashin mai kanti. Ƙungiyarmu ta malamai har yau ba ta son a mayar da albashinmu can. Wato ina son ƙaramar hukuma ta samu 'yanci, amma ba na son ta riƙe mini albashi. Na faɗa masa haka, ya ce to ka ga inda gizo ke saƙar.

Bayan ya tafi muka yi 'yar sa-in-sa da babban ɗana. Na ce ya nemo katin zaɓensa. Ya ce, "Baba, don Allah ka bar ni in yi barcina gobe." Yaron nan a Maris ɗin 2023 bai kwana a gida ba. Tun daga rumfa ya bi akwati har wurin tattara sakamako, suna ta a kasa, a tsare, a raka, ya dawo da safe murya a dishe. A zaɓen gwamnan nan Abba ya samu ƙuri'a sama da miliyan ɗaya, abokin takararsa Gawuna ya samu sama da dubu 890, kowa ya san ƙuri'arsa tana da nauyi. Na ce masa ai jam'iyyarku ce ke takara gobe. Ya ce, "Shi ya sa. Ko na je ko ban je ba mun ci." Na buɗe baki in ba shi amsa irin ta malamin makaranta, na rasa wadda ni kaina zan yarda da ita. Na ce ya tashi ya rufe ƙofa.

Asabar, 26 ga Oktoba

An hana zirga-zirgar ababen hawa. Da hantsi na fito, babban titi fayau, yara sun jera duwatsu sun kafa raga a tsakiyar kwalta. Ƙungiya uku na ƙirga kafin in kai makaranta, kowace da 'yan kallonta. Mai ƙosai ta fito, mai wankin hula ya baza kayansa, masu shaguna sun buɗe ƙofa ɗaya sun bar ɗaya a rufe. Babu ɗan sanda ko ɗaya. 'Yan sintirin unguwa ne da sandunansu, da wasu 'yan KAROTA a mahaɗar titi.

Rumfarmu a barandar aji uku take, ajin da ke kusa da nawa. Malaman zaɓe biyu, saurayi da budurwa, sun jawo bencin yara sun ɗora akwati a kai. Sun gaishe ni da ladabi. Ejan ɗaya ne a wurin, na ɗan takararmu, yana gyangyaɗi a jikin ginshiƙi. A 2023 layin maza a nan sai da ya fita ƙofar makaranta ya karya kwana, na mata ya zagaye bishiyar darbejiya, ana rabon ruwan leda ana faɗa a kan wanda ya tsallake layi. Yau da na iso mutum huɗu na tarar: mai unguwa, wani tsoho makaho da jikansa ya jawo, da mata biyu daga gidan su ɗan takarar.

Na gaida mai unguwa. "Ranka ya daɗe, an fito?"

"To, Malam, in ban fito ba a ce me?"

Aka ba ni takarda biyu, ta ciyaman da ta kansila. Jam'iyyu shida aka ce sun shiga. Na tsaya ina duba alamominsu, ban san fuskar mutum ɗaya da ke bayan biyar daga ciki ba. Ban taɓa ganin fastarsu ba, ba su taɓa ƙwanƙwasa mini ƙofa ba. Na daɗe a tsaye har yarinyar ta ɗago kai ta dube ni. Na dangwala wa yaron. Ba don jam'iyyarsa ba, ba kuma don na yarda zai iya ba. Na dangwala ne don gobe in na tare shi a kan kwata in iya cewa na zaɓe ka, ba tare da na yi ƙarya ba. Ta ciyaman kuwa abin da na yi da ita tsakanina da Allah ne.

Ban tafi gida ba. Na ɗauko kujerata daga aji na zauna a inuwa, na ce bari in ga iya gudun ruwan. Tsohon makahon nan ya zauna kusa da ni yana hutawa. Na ce, "Baba, da wannan rana ka fito?" Ya ce tun zaɓen 1979 bai taɓa fashi ba, kuma ba zai fara yau ba. Na ce ka san wanda ka zaɓa? Ya ce jikansa ya ce masa ɗan gidan mai gyaran keke ne, ya san kakansa, mutumin kirki ne. Iyakar hujjarsa ke nan, kuma da na auna ta da tawa ban ga wadda ta fi wata ba.

Wajen sha biyu ɗan takarar ya iso da samarinsa, wuri ya ɗan yi rai. Suka yi layi, aka ɗauki hoto ta kusa yadda layin zai cika waya. Suka tura yara gida-gida a kira mata. Wasu sun fito da mayafi a kafaɗa, suka dangwala suka koma kan girki. Wata ta leƙo daga ƙofar makaranta ta tambaya ko ana ba da wani abu, aka ce babu, ta juya. Zuwa azahar ban ƙirga mutum sittin ba, a rumfar da rajistarta ta haura ɗari bakwai. A rediyon wani ɗan sintiri na ji jami'ai suna yaba yadda jama'a suka yi tururuwa. Wataƙila a wasu wuraren an yi. Ni abin da ke gabana nake rubutawa.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne rashin fushi. Da mutane sun ƙaurace ne don nuna ɓacin rai, da na ce akwai sauran wuta a toka. Amma wanda duk na tambaya a hanyar komawa, dariya yake yi. Mai wankin hula ya ce, "Malam, ai an gama zaɓe tun ranar da aka fitar da sunaye." Wani ya ce shi bai ma san yau ba ne, ya ga dai babu adaidaita. Mai ƙosai ta ce in ta bar kaskonta wa zai ba ta kuɗin makarantar yara, kansila?

Na shiga gida na tarar da ɗana yana barci, kamar yadda ya yi alkawari.

Da daddare Farfesa Malumfashi ya sanar: NNPP ta lashe kujerun ciyaman 44 da na kansila 484. Direban adaidaita ya dube ni ta saman kofinsa bai ce komai ba.

Lahadi, 27 ga Oktoba

An kwana ana kiɗa a layin baya da janareto. Da safe samari suka yi ta zagaye a kan babura suna hon. Yawancinsu ban gan su a rumfa jiya ba. Sunan yaron ya ɓace daga bakin mutane a dare ɗaya, ya koma Honarabul.

Litinin, 28 ga Oktoba

'Yan aji uku suka tarar da bencinsu biyu a baranda, ɗaya da tabon tawada. Suka yi ta dangwala yatsa a busasshiyar tawadar suna buga wa juna a goshi. Na sa su mayar da bencin ciki, suka share ledojin ruwa. Kafin a buga ƙararrawa babu alamar an yi wani abu a wurin.

Hedimasta ya ce tunda sabon kansila ɗalibina ne, ni zan rubuta takardar neman gyaran rufi in kai masa hannu da hannu. Na ce an rubuta irinta bara da bara waccan. Ya ce a sake, a sauya kwanan wata.

Alhamis, 31 ga Oktoba

An kawo wuta jiya da daddare bayan kwana tara. Unguwa ta ɗauki ihu kamar an ga watan sallah. Ba ta daɗe ba aka mayar da ita, amma an samu an yi caji, ruwa ya ɗan yi sanyi.

Yau bayan asuba na ɗauki takardar rufin na nufi gidan Honarabul, da niyyar in riga kowa. Tun daga kwanar layin na hango mutane. Zaure ya cika, an shimfiɗa tabarmi biyu a waje, mata sun yi nasu rukunin a gefen katanga. Wata da takardar magani, wani da takardar kammala sakandaren ɗansa a cikin leda, wani matarsa ta haihu jiya, wani mai gidan haya ya ba shi wa'adi. Ga mai wankin hula. Ga matar nan da ta leƙo ta tambaya ko ana ba da wani abu. Na ƙirga da ido, kamar yadda na yi ranar Asabar, na wuce tamanin ban gama ba.

Wani saurayi yana rubuta sunaye a littafi. Ya gan ni ya miƙe, "Malam, ai kai ba sai ka bi layi ba, bari in shiga in faɗa masa." Ya shiga, ya daɗe, ya fito yana sosa ƙeya. Ya ce Honarabul ya fita ta ƙofar baya tun kafin a kira salla, an kira su taro a sakatariya, kuma ko albashin farko bai karɓa ba.

Na ba shi takardar ya sa a tsakiyar littafin. Na ce ya ƙara da baki cewa Malam yana gaisuwa, kuma kwata tana nan inda muka bar ta. Na duba agogo, bakwai saura kwata. Na tsallake ruwan koren a bakin layi, na wuce makaranta.